Aljihu na Huɗu a Teburin Baba

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma, da mai sauri da mai jinkiri. Baba ya koma ne a tsakiyar damina, da hantsi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kafin la'asar an kai shi maƙabartar Tungan Maje, an sa shi cikin jar ƙasar nan mai danƙo da ya yi shekara da shekaru yana cewa ba irin ta garinsu ba ce. Ni ce 'yarsa, ni kaɗai Allah Ya raya masa, ɗinki nake yi a kasuwar Zuba. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, kwanan baya na ji wani a mota yana cewa, "Wancan kafintan na bakin titi, wa yake da suna ma?" Ko shekara ba a yi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce ba za a manta da shi ina raye ba.

Maza sun yi zaman makoki a rumfarsa, a kan bencinan da ya yi da hannunsa. 'Yan kasuwa mutanen Kano da Zariya suka yi ta zuwa, kowa da abin da zai faɗa. Wani mai shago ya ce, "Allah Ya jiƙansa, mutumin kirki ne, sai dai jinkiri. Ka ba shi aiki da azumi, ka karɓa da layya." Aka yi dariya kaɗan, aka koma salati. Mai waldar da ke rumfa ɗaya da shi, Kirista ne mutumin Filato, ya cire takalmi ya rakuɓe a gefen tabarma. In an ɗaga hannu shi ma ya ɗaga, in an shafa ya shafa a makare. Da na fito kai ruwa ya ce da ni, "'Yata, yanzu wa zai riƙa yi mini faɗa?" Sai ya rufe fuska da hula.

A cikin gida kuwa, mai ƙosan bakin tasha ta yi ta ba mata labarin durowar teburinta, wai Baba ne ya ba ta kyauta tun kafin ta aurar da 'yarta ta fari, kuma har yau ba ta taɓa cijewa ba. Dangin Inna, Gbagyi ne daga Paikon Kore, suka zo da doya a kafaɗa, suka jibge a tsakar gida, suka zauna kusa da ita. Ba su cika magana ba, ita ma haka.

Baffa, ƙanen Baba, bai iso ba sai washegari, don ƙauyensu can gaba da Mashi yake a ƙasar Katsina. Ya je kabari, ya dawo da laka har idon sawu, ya zauna yana kankare ta da tsinke.

"A nan kuka sa shi," ya ce.

Da ya shigo yi wa Inna gaisuwa, ya tsaya daga bayan labule kamar yadda ake yi wa mai takaba, ya yi addu'a mai tsawo. Bai ko gama shafawa ba ya ce, "Matar Yaya, ina labarin teburin?"

"Yana ɗaki," in ji Inna. "Ya sa masa aljihun ƙarshe kafin ya kwanta."

"Alhamdu lillahi. To, kin san abin da kika ɗauka."

"Na sani."

Saura kaɗan in saki tiren da ke hannuna. Wanda bai san gidanmu ba zai ce me ya haɗa tebur da makoki. Abin da ke nan shi ne, Inna ta taɓa rantsewa cewa ranar da teburin nan ya kammala za ta tattara ta koma ƙauyen su Baba ta zauna har mutuwa. Mijina direba ne a Gwagwalada, yarana a nan suke makaranta, ba yadda zan yi in bi ta. Idan ta tafi, na rasa uba da uwa ke nan a shekara guda.

Bari in koma baya, don a san Baba tukuna.

Da ƙuruciyarsa ya zo Abuja, lokacin da ko'ina gini ake yi, ya ce damina biyu zai yi ya koma. Ya fara da rufi da ƙofofi, daga baya ya kafa rumfa ya koma yin tebura. Yana son ba da labarin kunyar da ya sha a shekararsa ta farko. Da rani ya yi wa mutane tebura masu aljihu, abin da yanzu kowa ke kira durowa, shi kuwa har ya mutu aljihu yake cewa. Ya auna su cif-cif yadda ake yi a garinsu, inda iska take a bushe. Da daminar Abuja ta sauka, katako ya sha laima ya kumbura, duk aljihunan suka cije. Masu kaya suka yi masa caa. Wani ma a ka ya ɗauko nasa teburin ya dire masa a gaban rumfa, ya ce a fito masa da makullin ɗakinsa da ke ciki.

"Ranar na gane ba gida nake ba," haka yake rufe labarin kullum. Sannan ya juyo gare ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Uwata, katako ba ya mutuwa. An sare shi, an tsaga shi, amma yana nan yana shaƙar iskar garin da aka kai shi."

Na taso ina kallonsa yana aikin aljihu, kuma ban ga abin da yake ba wa lokaci kamarsa ba. Ƙafafun tebur da samansa wuni biyu ya gama, amma ƙaramin aljihun da bai fi tafin hannu biyu ba sai ya cinye masa mako. Zai zaɓi katakon madobiya don fuska, ya nemi katako mara nauyi don gefuna. Zai yanka bakin kowane gefe haƙora-haƙora da ƙaramin zarto, ya gyara su da kurfi, har na wannan su shiga tsakanin na wancan su ciji juna. Zai tsaga siririyar hanya a ciki, ya zura allon ƙasa ba tare da gam ba, wai don ya sami wurin motsi in yanayi ya juya. Daga nan sai ferewa. Ya fere kaɗan, ya gwada, ya fitar, ya duba inda ya yi sheƙi, ya sake ferewa. A ƙarshe ya goga masa gutsuren kyandir a gefe.

Yana da ƙa'ida guda da kowa a layin ya haddace: "Tebur bai gamu ba sai kowane aljihu ya fita ya koma da yatsa biyu." Babban yatsa da manuni, ba ƙari. In sai an sa na uku, aiki bai ƙare ba.

Ƙusa kuwa, ita ce abokiyar gabarsa. A rufi zai buga, a benci zai buga, amma a aljihu ko kusa. Ya ce ƙusa a aljihu aikin rago ne, tana hana katako numfashi har ya tsage. A kan wannan suke faɗa da mai walda kusan kullum.

"Oga, ka buga ƙusa mana ka huta, mutumin nan tun jiya yake zarya."

"Kai ina ka san aiki? Komai naka sai ka ƙona shi ya manne dole."

"Ai dai nawa ba ya kwana."

"Ba ya kwana, ba ya kuma shekara."

Haka za su yi ta yi har a kira azahar, sannan Baba ya ce masa ya duba masa rumfa ya je masallaci. Shekarar da ƙaramin ɗan mai walda ya rasu, Baba ya ajiye duk aikin da ke gabansa ya yi masa akwatin gawa da katakonsa mafi kyau. Wasu a masallaci suka yi ta ƙananan maganganu. Ya ce da su, "An ce mu kula da maƙwabci, ban ji an ce a tambayi inda yake ibada ba." Bai ƙara ba, su ma ba su ƙara ba.

Teburin da ake magana a kai, don Kaka ya fara shi, mahaifiyarsa. Ta taɓa yi masa kukan gara tana cinye mata kaya a ƙasa, sai ya ce zai yi mata ƙaramin tebur na madobiya mai aljihu huɗu a jere: na goro, na carbi, na allura da zare, na magani. Ya ce in ya gama, da shi za mu koma gida gaba ɗaya, an gama zaman Abuja.

Inna ba ta so. Sau ɗaya ta taɓa zuwa ƙauyen, tana amarya, kuma ba ta ji da daɗi ba. Sun yi dariyar Hausarta, sun yi dariyar yadda take ɗaukar tulu a kafaɗa, yara suna binta suna cewa ga Bagwariya. Ta kwanta ciwo, aka dawo da ita a rame. Ba ta taɓa ce wa Baba ba za ta je ba. In ya tayar da maganar sai ta tashi ta shiga wanke-wanke, ko da kwanukan a wanke suke. Shi kuma ba mutumin da zai tafi ya bar iyali ba ne. Sai aikin teburin ya riƙa ja.

Ana cikin haka Kaka ta rasu. Kafin Baba ya isa an binne ta. Ya dawo tare da Baffa, wanda ya rako shi don ya ga ba ya cikin hayyacinsa. Ina budurwa lokacin, ni na kai musu tuwo. Baba ya sa hannu a kwano, ya tsaya, ya ce kamar da kansa yake magana, "Da ina gida, da ni zan sa ta a kabari."

Ban yi tsammanin da Inna yake ba, har gobe ban yi tsammani ba. Amma ita a ƙofar kicin take, kuma ta ji. Ta fito, hannunta duk gari.

"Malam, ni ce na riƙe ka?"

"Ban ce ba."

"Ka ce. To ga ƙanenka shaida. Na rantse da Allah, ranar da ka gama teburin nan zan bi shi garinku in zauna har in mutu, ko kana raye ko ba ka raye."

Baba ya ce, "Ke, mayar da maganarki."

"Ba na mayarwa."

Magana zarar bunu ce. Tun daga ranar gidanmu ya zama wani iri. Ba faɗa, ba gaba, ana hira ana dariya, amma teburin yana jingine da bango a ɗakin Inna da ramuka huɗu a buɗe, kowa ya shiga sai ya gan su.

Ya yi aljihu na farko bayan wasu shekaru. Na biyu sai da na yi aure. Na uku ina goyon ɗana na biyu. Na huɗu kuwa, Allah kaɗai Ya san sau nawa ya yi shi. Zai gama tsaf, ya goga kyandir, ya juya shi a hannu, sai ya ce ga wani ƙulli a katakon, ko launin bai dace da sauran ba. Sai ya kyautar. Durowar mai ƙosai ɗaya ce daga cikinsu, ya ma gyara mata teburinta don ta shiga.

Amma bai daina maganar gida ba, wannan ne abin da ke ci mini rai. Kowace Salla in an sauko idi sai ya ce, "Baɗi a gida za mu yi." In aka aiko masa da gero daga ƙauye, sai ya buɗe buhun ya tura fuska ya shaƙa kafin a taɓa. Da yamma yakan juya bencinsa ya fuskanci titi, yana kallon manyan motocin da suka nufi Zuba za su hau hanyar arewa, yana faɗin wadda yake zaton Katsina za ta. In wani ya tsokane shi ya ce kowa ya bar gida gida ya bar shi, sai ya yi murmushi ya ce, "Aiki ne ya ɗan rage mini."

Ni da bakina ba ya shiru, wata rana na ce, "Baba, aljihu ɗaya fa. Shekara nawa? Ni ma in ka ba ni zarto zan iya."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Na san za ki iya, Uwata. Shi ya sa ban ba ki ba."

Inna kuwa kowace safiya sai ta goge teburin, har cikin ramin na huɗu take zura tsumma. Ba ta taɓa cewa ya gama ba, ba ta taɓa cewa ya bari ba. Baba ya ƙi gamawa don kada ta tafi inda za ta wahala. Ita kuma tana kallon yana tsufa a garin da ba ya so, ta san saboda ita ne, kuma rantsuwar da ta yi don ta sake shi ita ce ta ƙara ɗaure shi. Na ji tausayinsu, wani lokaci kuma na ji haushinsu su duka biyun.

Da ciwo ya kama shi, ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere, sai ya ce in kwaso masa kayan aikinsa daga rumfa in kawo gida, in kuma janyo teburin daga jikin bango. Ya zauna a tabarma ya fara yanka haƙora. Hannunsa na rawa, amma haƙoran suka fito daidai kamar kullum. Na gane abin da yake yi.

"Baba, ka san abin da kake yi kuwa? Ka san abin da zai biyo baya?"

"Idan na bar ramin nan a buɗe, wani zai cike shi bayana."

"To sai ka cike shi da kanka ka kora ta?"

"Miƙo mini kurfi."

Ranar da zai sa shi, ya matsa mini in tafi kasuwa, wai masu ɗinki suna jirana. Da na dawo, aljihu na huɗu yana mazauninsa, an mayar da teburin jikin bango, Baba yana kwance yana haki. Na sa yatsa biyu na ja. Ko motsi.

"Ya ɗan cije," ya ce, idonsa a rufe. "Damina ce."

Bai ƙara tashi ba.

Wannan cijewar na riƙe a ranar da Baffa ya yi tambayarsa. Na ajiye tire na ce, "Baffa, ka yi haƙuri, teburin bai gamu ba. Kai ma ka san ƙa'idar Baba. Na huɗun ba ya fita."

Inna ta koma ɗaya ɗakin, Baffa ya shiga ya gwada. Uku suka fito suka koma sumul. Na huɗu ya ƙi. Ya ƙwanƙwasa fuskarsa da yatsa, ya yi ɗan murmushi.

"Ɗiyata, ai da iskar gida Yaya ya auna wannan. Laima ce ta riƙe shi. Kafin ta fita takaba rani ya shigo, zai saki da kansa."

Daga ɗaya ɗakin Inna ta ce, "In ya buɗe, zan bi ka."

Na bi Baffa har zaure ina magana, ban ma san me nake faɗa ba. Ya bari na gama, sannan ya ce a hankali, "Kina gani kamar mugunta ce. Mun jira shi tun ina saurayi. Uwarmu ta mutu tana kallon hanya. Gawarsa ba mu samu ba. Ko teburinsa da matarsa mu samu, mu riƙe ta da mutunci, mu ce wani abu nasa ya dawo." Ba ƙarya ya yi ba.

Watannin takabar nan ban taɓa shiga ƙunci irinsu ba. Na san gaskiyar Baffa, a rumfar Baba na girma. Kowa yana addu'ar ruwa ya ɗauke a yi girbi, ni ina addu'ar ya ƙara kwana. Na je wurin limamin unguwa na yi tambaya, ya ce rantsuwa irin wannan tana da kaffara, ta ciyar da miskinai ko ta yi azumi, shi ke nan. Na dawo da murna na gaya wa Inna.

"Ba da liman na yi ba," ta ce. "Da ubanki na yi."

"Ai ya rasu, Inna."

"Na ce ko yana raye ko ba ya raye. Kina wurin."

Da ruwa ya ɗauke, na shiga dabara. Na sa kwanon ruwa a ƙarƙashin teburin, na jiƙa tsumma na lulluɓe fuskar aljihun, in ya bushe in sake jiƙawa. Da Inna ta gani ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗauke." Na ce ai don ƙura ne. Ta ce, "Ɗauke, ba a yi wa Allah wayo." Na ɗauke ina kuka, ina masifa, ina cewa duk gidan nan ba mai tausayina.

Rani ya shigo sosai. Ƙofar kicin da ke cijewa ta koma rufuwa da kanta. Aljihuna ukun suka saki har suna ɗan ƙara in an taɓa. Kullum da safe bayan ta goge teburin, Inna takan sa yatsa biyu ta ja na huɗun, ni kuma in tsaya a bakin ƙofa ina kallo. Ta riga ta ɗaure kayanta a zannuwa, ta raba wa danginta tukwanenta.

Baffa ya dawo bayan ta fita takaba, da hantsi, har ya yi magana da mai motar da zai kwashi kaya. Muka shiga ɗakin mu uku. Ya yi bismilla ya sa yatsa biyu. Bai fito ba. Ya sa hannu duka. Bai fito ba. Ya dafa ƙafa, ya kama da hannu biyu ya fizga, sai teburin gaba ɗaya ya biyo shi ya rabu da bango.

Ya zagaya bayan teburin don ya turo aljihun daga can, sai na ga ya tsaya. Ya durƙusa. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya ɗago ya yafuto ni da hannu.

A allon baya, daidai saitin aljihu na huɗu, ga kan ƙusa. Babbar ƙusar rufi ce, an buga ta ta ratsa allon ta shige cikin aljihun, ta ɗan karkace. Kewaye da ita duk tabon guduma ne, wuraren da hannu ya kuskure ya sami katako. Baba, wanda ban taɓa ganin ya kuskure bugu ba. Baba, wanda ya yi rayuwarsa yana cewa ƙusa a aljihu aikin rago ne.

Akwai abin zare ƙusa a cikin kayansa, yana nan a kusurwar ɗakin, ni da Baffa duk muna ganinsa. Baffa ya shafa tabon gudumar da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Sai ya miƙe, ya tura teburin ya mayar da shi jikin bango da kansa, ya daidaita shi.

"Matar Yaya," ya ce, "bai buɗe ba. Yaya bai gama ba."

Inna ta ce, "To."

Ya fita ya sallami mai mota. Washegari da zai tafi na tambaye shi ko akwai abin da yake so cikin kayan Baba. Ya ce in ba shi gudumar. Ita kaɗai ya sa a jaka ya koma da ita gida.

Na yi niyyar ba zan taɓa gaya wa Inna abin da muka gani ba. Bayan 'yan kwanaki muna kwance ƙullin kayanta, ina ta surutu don murna, ina cewa ikon Allah, katako ya ƙi sakin jiki har da rani. Ta bar ni na yi ta zuba. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Ina surfen gero na ji. Ya buga, ya huta. Ya buga, ya huta. Tun da aka fara teburin nan ban taɓa jin guduma a kansa ba sai ranar."

Na saki zanen da ke hannuna. "Kin sani? Kika bar ni ina ta haukan jiƙa tsumma? Kika raba tukwanenki?"

"Na ce in ya buɗe zan tafi. Da ƙanensa ya zare ta, da na tafi."

"To ai shi ke nan, Inna, ya yafe miki."

"Ni ba yafewa na nema ba." Ta ninke zanen, ta sake ninkewa. "Abu ɗaya nake da shi da zan biya mutumin nan, shi ma ya hana ni."

Ni na samu abin da nake so, uwata tana nan, ina zuwa in same ta kowace yamma in na taso daga kasuwa. Amma murnar ba ta cika ba, kuma na san ba za ta cika ba.

Wanda ya karanta wannan, in ya bi ta Tungan Maje ya ga rumfar da mai walda ya rage shi kaɗai a ciki, ya yi wa mai rumfar addu'a. Allah Ya gafarta wa Baba, Ya yalwata masa makwanci a cikin jar ƙasar da bai zaɓa ba, Ya kai shi gidan da ba a cewa sai baɗi.

Damina ta sake zagayowa, ƙofar kicin ta koma cijewa. Inna ta sa goro a aljihu na farko, carbinsa a na biyu, allura da zare a na uku. Yau da safe na biya kai mata koko, na same ta ta gama goge teburin. Ta ajiye tsumma, ta sa yatsa biyu a na huɗun, ta ja.